Lambar Jikin Tankin Ruwa

Kawuna mai shimfiɗa tayil ne, har ranar da gwiwoyinsa suka ce sun gaji. A wurinsa lamba iri biyu ce kacal. Akwai mai kwanciya, wadda in tayil ce za ta jeru layi-layi daidai ba ragowa, kamar sha biyu: layi uku, huɗu-huɗu. Akwai kuma mai taurin kai irin sha uku, wadda duk yadda ka jera ta sai ta bar maka saura.

Da ya daina fita aiki, sai kujerarsa ta koma kallon tankin ruwan tsakar gida. A jikin tankin an buga 10403. Shi ke nan, bawan Allah ya samu abin yi: wannan mai kwanciya ce ko mai taurin kai? Ya leƙa ƙarshenta, ya ce biyu da biyar ba su da rabo. Ya haɗa uku da huɗu da ɗaya, takwas, ya sallami uku. Sauran kuwa da alli yake bin su a bayan fasasshen tayil, bakwai, sha ɗaya, sha uku, abinci na hucewa. Matarsa tana yi masa mita, amma a ɗaki ta ja kunnena kada in kuskura in taɓa masa lambarsa, don ita kaɗai ke tashinsa daga gado.

Ni kuwa da shegen son sani, na tambayi waya. Kafin ƙiftawar ido ta ba ni amsa, na haɗiye abina, yana cina.

Ranar da gwajinsa ya kai kan ɗari ya kira mu, fuska fal murna. Ya ce in tsawon ɗaki ya zo daidai da faɗinsa an gama gwaji, kuma ɗari sau ɗari, dubu goma, ai ya kusa lambar tankin; ɗan abin da ya rage, ratar bakin bango ce da siminti ke rufewa. Saboda haka lamba mai taurin kai ce. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Amma in bar mutumin da bai taɓa shimfiɗa karkataccen layi ba ya zauna a kan kuskure? Matarsa tana hararata, na ce, "Kawu, gwada ɗari da ɗaya."

Ya ja alli. Ya daɗe yana ja. Layi ɗari da ɗaya, kowanne tayil ɗari da uku, ko ɗaya bai yi saura ba.

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya tsura wa tankin ido, yana shafa gwiwa.

"Ashe falo ce," in ji shi, "ga ta ƙatuwa, ko tayil ɗaya ba sai an yanka ba. Da na same ta ina da ƙafa."