Rijiyar da Babana Ya Haƙa

Babana ya haƙa rijiya a ƙofar masallacin unguwarmu a Challawa, bai daɗe ba ya rasu. Sadaka ce mai gudana. Ma'aikatan kamfanonin fata suna alwala da ruwanta in sun tashi daga aiki, matan unguwa kuma suna aiko yara da bokitai. Innata ta yarda cewa duk gugan da aka jawo, lada ne yake isa kabarinsa.

Ni ilimin sinadarai na karanta a jami'a, ko da yake koyarwa nake yi a wata sakandare. A bayan gidajenmu akwai kwata mai ɗauko ruwan jimar fata daga kamfanoni zuwa kogi, wata rana shuɗi, wata rana baƙi. Da damina takan cika ta malale har kusa da masallaci. Da na ga kamar ƙaiƙayi da ciwon ciki sun yi wa yara yawa, sai na cika kwalba da ruwan rijiyar, na kai wa wani abokin karatuna ya gwada a ɗakin gwaje-gwajen da yake aiki. Ya ce ya ga alamar sinadarin jima, amma kwalba ɗaya ba hujja ba ce, sai an maimaita rani da damina, da na'urar da su ma ba su da ita.

Na samu liman bayan la'asar. Dattijo ne mai sauraro. Ya sa aka jawo guga, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya tuna mini karatunmu na yarinta, cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canja ba. Amma ya ce tsarki daban, cuta daban, kuma addini ya hana cutar da mutane, ya hana ɓata ruwan jama'a.

"In ka tabbata yana cutarwa, gobe zan sa a rufe ta," in ji shi. "Ka tabbata?"

Na ce mai yiwuwa ne. Na ce ƙaiƙayin zai iya zama daga wani abu, tunda yaran suna wasa a bakin kwatar ma. Iyakar abin da na sani ke nan. Ya ce ba zai hana unguwa guda ruwa a kan mai yiwuwa ba, ga shi famfo ya daɗe da ƙafewa. Ban ga laifinsa ba.

Ni dai na daina sha. Na koma sayen ruwan leda, ina juye wa Inna a randarta ba tare da na faɗa mata ba. Wata safiya ta same ni ina juyewa.

"Ruwan babanka ne ba ka so mu sha?"

Na yi mata bayani yadda na yi wa liman, da duk wataƙilar da ke ciki. Sai ta tambaye ni ko lada babana yake samu yanzu, ko kuwa alhakin yaran nan ne yake bin sa. Na ce niyyarsa za a duba, ba shi ya zuba komai a kwata ba. Wannan kam na faɗa kai tsaye.

"Shi bai sani ba," ta ce. "Mu fa da muke raye?"

Rijiyar tana buɗe har yau, ana ta ɗiba. Inna ta daina bi ta ƙofar masallaci. In za ta unguwa, sai ta zagaya ta bayan gidaje, ta gefen kwatar, tana toshe hanci da mayafi.