Ranar da Toktosun Ya Ƙi Ɗaga Hannu

Da sunan Allah mai rahama. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga nan Kochkor zuwa kudancin tafkin Isik-Kul a shekarun baya ya san Toktosun direba. Ko bai san sunansa ba, ya san halinsa. Mutum ne da Allah Ya yi shi ba ya iya cewa a'a. Mota ta cika maƙil, amma in tsohuwa ta ɗaga hannu a bakin hanya riƙe da akuya, sai ya tsaya. Fasinjoji su yi ta mita.

"Toktosun baike, yayanmu, yau za mu isa kuwa?"

"Za mu isa mana. Saurin me kake yi, aure za a ɗaura maka? Matsa wa akuya."

Haka ya yi aikinsa har furfura ta rufe masa kai, ya ajiye tuƙi. Bai tara komai ba sai mutane. Salla kam ba ta wuce shi, ko a kan hanya ne sai ya faka ya shimfiɗa kwat ɗinsa.

Matarsa Burulkan gwanar shirdak ce, dardumar ulun nan da muke shimfiɗa wa baƙi. A kwarin Barskoon aka haife ta, inda babanta yake kiwon tumaki kusa da magangarar ruwa. Tun da aka kawo ta Kochkor tana amarya ba ta sake komawa ba. Iyayenta suka rasu, dangi suka watse birnin Bishkek, ga shanu, ga yara, ga suruka a kwance. Shi kuwa Toktosun ya wuce ta bakin kwarin nan ya fi a ƙirga, kullum da fasinja. In ta yi maganar sai ya ce, "Baɗi in Allah Ya kai mu, baibiche uwargida."

To, sai ido ya fara ba ta matsala. Likita a Bishkek ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya yi nisa, abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta cikin bututu ne, kuma da wuya ya kai bazara mai zuwa. A hanyar dawowa ta kama hannun rigarsa.

"Baban Ermek, kada ka faɗa wa kowa. Ko yaran. Ba na son a fara riƙe mini hannu ana min kallon tausayi."

Ya ce to.

"Kuma ina son in ga ruwan nan na garinmu. Kafin ƙanƙara ta kama shi."

Nan ma ya ce to, amma a wannan karon bai ce baɗi ba.

Damuwarsa ɗaya. Burulkan a cikin gidanta ba ka gane komai, hannunta ya san inda kowane cokali yake. A gidan mutane kuwa sai ta yi tuntuɓe da bakin ƙofa, asiri ya tonu. Ya sha ganin Turawa a bakin tafki da motocin da suke kwana a ciki suna girki a ciki. Sai ya sayi wata tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya, irin wadda ake wa laƙabi da burodi saboda siffarta, ya ciccire kujerun baya. Duk bazarar nan a ƙarƙashinta ya yi ta. Ya tsara cikinta kamar tantin ulun nan na makiyayanmu: ƙofa ta baya, kayan girki a dama, kayansa a hagu, mazaunin babban baƙo can ciki a bayan kujerar direba, da barguna jere a kan akwati. Ya kafa ɗan murhun ƙarfe, ya fasa rufi ya fitar da bututun hayaƙi. Ita kuma ta shimfiɗa shirdak ɗin da ta ɗinka na ƙarshe.

Maƙwabta suka zo kallo suna dariya. Wani ya ce, "Aksakal dattijo, mutane suna gina gida su huta, kai ka sa wa naka taya."

"Ai don in guje wa surutunka ne," in ji Toktosun.

Sai da aka gama tonon dankali suka tashi. Tafiyar rabin yini ce ga mai sauri. Amma ya ce bari ta fara ganin tafki tukuna, suka sauka daga kwalta suka bi yashi har bakin ruwa. Yana da yadda yake faka motar: kullum hancinta yana duban alƙibla, don kada Burulkan ta tsaya tambaya in za ta yi salla. Sai Allah Ya sa a wannan gaɓar, in hanci ya dubi alƙibla, ƙofar baya tafki take kallo. Da safe ya buɗe mata ƙofa, ta zauna a bakin da carbinta, ruwa shuɗi har inda ido ya ƙare, agwagin daji suna iyo, can ƙetare duwatsu farare. Tana juya kai a hankali tana tsintar abin kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya zuba wannan."

Ga inda Toktosun ya yi kuskure. Shi a tunaninsa, tunda da gidansa yake tafe, ba ruwansa da sauka gidan kowa. Ya manta gida gida ne. Lokacin kuwa makiyaya suna saukowa da dabbobi daga kan duwatsu. Mahayi ya hango hayaƙi yana fita daga bututu, ai ba zai wuce bai yi sallama ba. Ya yi sallama, ba za a bar shi a tsaye ba. A shimfiɗa ledar cin abinci, a kawo gurasa da man shanu da zuma, a yi ta zuba shayi. Kuma mai gida ba ya tayar da mota baƙo yana zaune a cikin ɗakinsa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babu ƙauyen da ke kan hanyar nan da Toktosun bai taɓa ɗaukar matar wani zuwa haihuwa ko gawar uban wani ba. Labari ya riga su gaba. Suna shiga gari za a tare hanya, a ja su gida, kafin su gama shan shayin farko an jawo rago bakin ƙofa ana cewa, "Aksakal, a sa albarka." In baƙo ya ɗaga hannu ya yi addu'a aka shafa, shi ke nan, an ɗaure shi. Sai an yanka, an dafa, an miƙa masa kan ragon, an ci nama da taliya, an yi hira. Gobe kuma maƙwabcin mai gidan ya ce ai shi ma ba a raina shi ba. Burulkan ta zauna wuri ɗaya a cikin mata, ba ta motsi sosai, aka yi ta yabon nutsuwarta.

Ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, suna hanya.

Wata safiya a bakin tafki, kusa da ƙauyen Tamga, wani makiyayi ya sauka daga doki ya shigo shan shayi. Ya ce shi ne kusan na ƙarshe da ya baro kwarin Barskoon.

"Gefen rafi ya fara daskarewa, aksakal. Ka ga gajimaren can? In ya sauko, kwarin ya rufe ke nan sai bazara. Yau ne kawai, ko gobe da safe in an yi sa'a."

Burulkan tana zuba masa shayi a lokacin. Sai shayin ya sauka a gefen kofi, a kan leda. Ta yi maza ta goge tana cewa butar ce ta karkace. Makiyayin bai lura ba. Toktosun ya lura. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa ganin ta zubar da ɗigon shayi ba.

Ga shi kuma a Tamga Asankul wan Toktosun yake, gidansa a bakin hanya, kuma an riga an gaya musu tun bazara yake turke da wani baƙin rago dominsu. Wuce gidan wa ba a shiga ba, wannan abin da za a yi ta faɗa ne har a kan jikoki. Burulkan ta san haka. Tana ɗaure kofuna a cikin tsumma ta ce, "Mu shiga gidan babban yaya. Ruwa ai yana nan, in da rabo."

Toktosun bai ce to ba. Ya tayar da mota.

Asankul yana tsaye a ƙofar gida da farar hularsa da sanda. Toktosun ya tsaya, ya sauke gilashi, bai kashe mota ba.

"Assalamu alaikum, baike."

"Wa alaikumus salam. Sai yau? Na ɗauka a kan jaki kuke tahowa. Sauko mana, ko an manne ka da kujerar ne?"

"Baike, ba za mu sauka ba yanzu. A ba mu gurasa mu taɓa baki, mu wuce. In mun dawo za mu kwana."

Ai an san mai sauri yana iya gutsurar gurasar gida ya wuce, ba laifi. Amma wannan na mai wucewa ne, ba na ƙanen da aka yi wata da watanni ana jira ba. Asankul ya dube shi kamar bai ji ba.

"Gurasa? Ni za ka ce wa gurasa? Ka ci ragon kowane ɗan iska daga Kochkor har nan, sai nawa ne yake da ƙaiƙayi? Me ke kore ka?"

"Ruwa za mu je kallo."

"Ruwa! Jama'a ku zo ku ji. Tsoho da gemu ya bar gidan wansa zai je kallon ruwa. Babu ruwa a rijiyata ne?"

Kalma ɗaya da Toktosun zai faɗa ta kashe maganar, amma ya riga ya yi wa Burulkan alkawari, ga ta zaune a gefensa kanta a sunkuye. Ya haɗiye kalmar. Asankul ya shiga da kansa ya jawo baƙin ragon har gaban mota, ya buɗe tafukansa.

"Sa albarka in gani."

Maƙwabta sun fara leƙowa ta kan shinge. Mutumin da bai taɓa ce wa baƙo a'a ba ya damƙe sitiyari da hannu biyu har jijiyoyinsa suka tashi. Bai ɗaga ba.

"Ka yafe mini, baike."

Sai ga Zuurakan matar Asankul ta fito da gurasa mai zafi a faranti, don kada abin ya ƙara muni. Ta miƙa wa Toktosun ya gutsura. Ta zagaya ta miƙa wa Burulkan ta taga. Burulkan ta kai hannu, hannun ya wuce gefen farantin ya kama iska. Zuurakan ta tsaya cak. Sai ta matsar da farantin ƙarƙashin yatsunta. Sannan ta juya ta ce wa mijinta, "Janye ragonka daga hanya, tsoho. Bar su su je."

Suka shiga kwari, hanya tana hawa tsakanin dogayen itatuwan nan da ake kira fir, rafi yana gudu a gefe da farin baki na ƙanƙara. Ya faka inda hanya ta ba shi dama, suka ci gaba da ƙafa. Ba kowa a wurin, don haka ta yarda ya riƙe mata hannu. Suna hawa suna hutawa. Tun kafin su iso ta ce, "Na ji shi. Muryarsa ba ta canja ba."

Ya tsayar da ita a kan wani faffaɗan dutse, ya kama kafaɗunta ya juya ta daidai. Ruwan yana sakowa daga can sama, fari tas, ƙanƙara ta fara ɗinke gefensa amma tsakiya na zuba. Ba ta iya ganinsa gaba ɗaya. Ta ɗaga kai ta nemo bakinsa na sama, ta biyo shi da ido sannu a hankali har ƙasa, ta sake komawa sama. Ta yi haka ya fi sau nawa.

"Kamar an warware dogon farin ƙyallen da innata take naɗawa a ka," ta ce. "Can ƙasa muke wanke ulu. Hannu har ya mutu don sanyi."

"Kin gan shi sosai, baibiche?"

"Na gan shi. Alhamdu lillahi. Yi shiru mana, kana cika ni da surutu."

Ya yi shiru. A nan suka yi la'asar, feshin ruwa yana sauka a bayansu.

Suna saukowa gajimare ya fara taɓa kan itatuwa. Sai suka hango hayaƙi yana fita daga bututun motarsu. Ga wata ƙaramar mota a gefe, ga baƙin rago ɗaure da tayar. Zuurakan ta hura murhu. Asankul kuwa ya haye can ciki, mazaunin babban baƙo, ya harɗe ƙafa, fuska a murtuke.

"Wane irin gida ne wannan, baƙo ya zo masu gida suna yawon kallon ruwa? Shayi ma sai matata ce ta dafa."

Bai tambayi komai ba, bai dubi idon Burulkan ba. Da ta zo hawa, sai ya ture takalmansa daga bakin ƙofa da sanda, kamar ba da gangan ba.

"To," ya ce wa ƙanensa, "gida naka, rago nawa. Yanzu hannun zai ɗagu, ko har yanzu yana manne da sitiyari?"

Toktosun ya ɗaga hannu, ya yi addu'a mai tsawo, suka shafa. Amma sai da suka gangara Tamga aka yanka, don dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Kafin bazara idon Burulkan ya rufe, kamar yadda likita ya faɗa, Allah Ya sa kaffara ne. Yaran sun sani yanzu. Motar tana nan a bayan gidansu, kaji suna kwana a ƙarƙashinta da sanyi. In zafi ya shigo Toktosun yana wanke ta, ya kai Burulkan bakin tafki, ya faka hanci ga alƙibla, ya buɗe mata ƙofar baya ta zauna tana jin ruwa. Har yanzu duk wanda ya hango hayaƙi sai ya tsaya. Ita take zuba shayi da kanta, ɗan yatsanta a kan bakin kofi.