Ranar da Amani Ya Yi Baƙi

Duk wanda tayar babur ɗinsa ta taɓa sacewa a yashin da ke tsakanin Tasawa da Hawandawaki ya san Amani mai faci. Rumfarsa tana bakin kasuwar Gidan Ƙadri, kara ce da tsofaffin buhuna, shi kuma yana zaune a ƙasa da ƙafafunsa a lanƙwashe, yana tsoma roba cikin kwanon ruwa yana neman inda take fitar da iska. Yana ɗan shekara huɗu shan inna ya shanye masa ƙafafu biyu. Uwarsa ta goya shi har ya fi ƙarfin bayanta. Da ya tasa, wani kawunsa ya kawo shawarar a kai shi birni, wai irinsu ba sa rasa na tuwo a ƙofar masallaci. Amani ya ce shi kam a'a. Ya roƙi mai amalanke ya kai shi Tasawa, ya yi shekara shida a tasha wajen wani Maman Sani, mutumin da ya iya faci ya kuma iya zagi. Ya dawo gida da famfo da gam da wani girman kai da ya fi jikinsa nauyi, ya auri Jamila, suka haifi 'ya'ya huɗu, ba a taɓa ganin hannunsa a miƙe gaban kowa ba.

Abin da ke ci masa rai shi ne bayan kaka. Da an gama ɗaure gero, sai makafi da guragun garin su fara haɗa ƙullinsu, su hau motar ranar kasuwa su tafi bara, wasu Maraɗi, wasu su tsallaka iyaka. Gonakinsu ba sa kai su wata uku, zama kuwa yunwa ne. Sai ruwan fari ya sauka suke dawowa, kuma kowace shekara waɗanda suka dawo ba sa kai waɗanda suka tafi. Cikin masu tafiyar akwai Malam Danda makaho, aminin mahaifin Amani, da matarsa Tanna da ke ja masa sanda. Wata shekara Danda ya dawo da tari, ba ko takalmi a ƙafarsa. A ranar Amani ya tara su a rumfarsa, mutum ashirin da uku, ya ce za a kafa ƙungiya. Buƙatarsu ɗaya ce tak: rumbun tsimi, a cika shi da gero lokacin da yake araha, a riƙa auna wa kowa idan bazara ta yi tsanani, kowa ya zauna gidansa.

Faɗa da baki ba wuya. Kuɗin cika rumbun yana hannun masu foroje, wato ƙungiyoyin agaji, su kuwa masu foroje ba sa jin magana sai a takarda, takardar ma da Faransanci. Mushe Lamine, malamin lakwal, wato makarantar bokon garin, shi ya ɗauki wannan wahala don Allah. Shekara bakwai suna aika dosiye, takardun neman taimako. Wasu suka ce ƙungiyar ba ta da takardar izini, Amani ya yi ta zarya Tasawa a bayan babur, an ɗaure shi da rawani don kada ya faɗo, har takardar ta fito. Da ta fito suka ce lokaci ya wuce. Wasu suka ce su mata suke taimako, wasu yara, wasu kuma itatuwa. Akwai waɗanda ko amsa ba su bayar ba, kuma su ne suka fi yawa. Haka Amani ya yi furfura yana jiran mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

A shekara ta takwas, ana tsakiyar girbi, salular Mushe Lamine ta yi ƙara. Wata ƙungiyar agaji ce ta karanta dosiyensu, garinsu ya shiga cikin goma da za a zaɓi huɗu, kuma za a turo mutane su gani da ido. Amani ya rufe rumfa tun rana na tsaka. Ya bi gida gida yana jan jiki cikin yashi, yana ce wa kowa bana ba tafiya, a kwance ƙulli. Danda ya ce, “Amani, in munka zamna, ɗan geron ga za mu ci, kuma da shi muke yin kuɗin mota.” Amani ya dafa gwiwarsa ya ce, “Baba, na ɗauka a wuyana.” Suka zauna, dukansu.

Saura kwana uku baƙi su iso, Mushe Lamine ya ga ana kwasar bencina daga lakwal, ya tambaya, aka ce Amani ne ya aiko. Ya same shi a rumfa.

“Amani, mutanen ga ba yawon gaisuwa za su zo ba, dubawa za su yi. Ku bar su su ga gari yadda yake.”

Amani ya ajiye tayar da ke hannunsa. “Mushe, boko ya ɓata ka. Baƙo ya taso tun daga Maraɗi, ya sha yashi sabili da mu, mu tarbe shi cikin tsumma? Ya koma ya ce mi ya gani?”

“Ya ce ya ga mabuƙata. Abin da kunka rubuta ke nan.”

“Wancan takarda ce. Wanga kuwa ido da ido ne.”

Ba Amani kaɗai ba, garin duka haka ya ga abin. A Gidan Ƙadri mutum ya kwana da yunwa ba abin magana ba ne, amma baƙo ya gane haka, wannan ba ya wankuwa. Aka share gari har bayan shinge. Masu hali suka buɗe akwatunansu, kowane makaho da gurgu ya sami aron riga da hula, mata suka sami zannuwan biki. Amani ya sa aka yanka akuyarsa, ita ke nan gare shi, a kan idon Jamila. Zulaihatu, wata gwauruwa da ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya tashi, aka mai da ita ɗakin ciki aka saki labule, don ba a nuna wa baƙo irin wannan. Da aka ji masu foroje suna leƙa rumbuna, maigari ya ce ba za a tona asirin dattijo kamar Danda ba, ya sa aka kwaso dami goma sha biyu daga gidansa aka zuba a rumbun Danda, a maido bayan baƙi sun tafi. Kowa ya yaba wa maigari, Amani ma har da ƙwalla.

Ranar Laraba da hantsi farar mota ta iso. Mutum biyu suka fito, wata matashiya mai suna Munira da wani Hafiz mai riƙe da babbar salula da yake danna amsoshi a ciki. Suka tarar da tabarmi da bencina, da mutum ashirin da biyu cikin shadda da atamfa, suna ƙamshin turare. Aka kawo fura da nono, aka kawo shinkafa da nama. Hafiz ya ci ya yi gumi, ya ɗauki hotuna, sannan ya fara tambaya, a nan cikin taro, gaban maigari da liman da surukan kowa.

“Baba, sau nawa kuke cin abinci a rana?”

Danda ya gyara babbar rigar aro. Mijin 'yarsa yana zaune kusa da shi, yana jin numfashinsa. “Alhamdu lillahi, muna ci.”

“Sau nawa?”

“Sau ukku, ɗana. Mun gode Allah.”

Kwana biyar ke nan rabon gidan Danda da tuwo, kunu suke sha sau ɗaya a rana don ɗan geronsu ya jima. Amani ya sani, kowa a wurin ya sani, kuma da Danda ya faɗi haka sai duk suka ji daɗi, suka ga dattijo ya yi dattako. Sauran ma haka suka amsa ɗaya bayan ɗaya. Aka zagaya gidaje, Hafiz ya hau tsani ya leƙa rumbun Danda ya ɗauki hoto.

Munira ba ta yi magana da yawa ba, amma 'yar ƙasa ce, ta ga kaushin ƙafar Tanna a ƙarƙashin sabon zane. Da za su shiga mota ta dawo ta durƙusa gaban Amani, ta sassauta murya.

“Baba, don Allah ka hwaɗa mani gaskiya. Hatsin da ke rumbun can na wa ne? Abin da munka gani shi za mu rubuta, ba mu da ikon ƙarawa.”

Amani ya ɗaga kai. Maigari yana tsaye taku uku daga wurin, Danda yana bayansa riƙe da sanda, ya karkato kunne. Amani ya gane sarai abin da yarinyar take miƙo masa, ya gane kuma abin da zai biyo baya in ya ƙi karɓa. Shekara takwas yana jiran wanda zai yi masa wannan tambaya, ga shi an yi masa ita a gaban Danda, mutumin da ya yi masa huɗuba ranar suna.

“Na Malam Danda ne,” in ji shi.

Munira ta dube shi. Ta ce, “To, Baba,” ta miƙe. Aka bi su da zabbi biyu da ƙwarya cike da ƙwai, aka tura cikin mota suna ƙi ana nacewa. Kafin la'asar an mai da dami gidan maigari, an mai da riguna akwatunansu, an ɗage labulen Zulaihatu.

Amsa ba ta zo ba sai bayan wata uku, lokacin da ɗan geron kowa ya ƙare. Mushe Lamine ya kawo takardar rumfa ya karanta, ya fassara kalma kalma ba tare da ya ɗago ido ba. An gode da kyakkyawar tarba. An yaba da haɗin kan garin da yadda yake kula da naƙasassunsa, har an ce abin koyi ne. Sai dai an sami garuruwan da suka fi su buƙata. Mushe mutumin kirki ne, bai tuna masa komai ba, ya ninke takardar ya ajiye kusa da gam ya tafi. Amani ya zauna har aka kira la'asar bai taɓa taya ba. Baƙin cikin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, don wannan karon ba shi da wanda zai ɗora wa laifi a Maraɗi ko a Yamai.

Ya ja jiki zuwa gidan Danda. Ya same shi a gindin rumbu, tarin ya dawo, wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige. Amani ya gaishe shi, ya faɗa masa duk abin da takarda ta ce, bai rage komai ba. Ya so tsohon ya zage shi, ko ya tuna masa da abin da ya ɗauka a wuyansa. Danda ya yi tari mai tsawo, ya share baki.

“Amma dai sun ci sun ƙoshi ko?”

“Sun ƙoshi, Baba.”

“Ba su ga abin kunya ba?”

“Ba su gani ba.”

“To, alhamdu lillahi.” Ya juya fuska wajen ɗaki ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. “Tanna, ɗaure muna kaya. Tun da babu na mota, da ƙahwa za mu kama hanya.”