Gurbin Maɗinki a Waƙar Kakanmu

Mu huɗu ne muke rera waƙar kakanmu. Shi ya tsara ta bayan ya iso Kano da ayarin raƙuma daga arewacin hamada. Begen Manzon Allah ce, kuma kowace shekara a watan Maulidi, bayan La'asar, ake rera ta a zauren gidanmu da ke gindin Goron Dutse. Baitocinta suna nan a rubuce da ajami cikin gafaka. Karinta kuwa ba a taɓa rubuta shi ba, a maƙogwaro yake zaune. Ni nake ja, domin ni ne babba a zuriyar. Ƙanena da ɗan baffana suna amsawa, sai wani maɗinki maƙwabcinmu, wanda ba jininmu ba ne, mahaifina ya shigo da shi tun muna samari. Mazauninsa bakin ƙofa.

Cikin 'yan shekaru Allah Ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya, maɗinkin ne na ƙarshe. 'Ya'yanmu sun watsu cikin garuruwa, babu wanda ya zauna ya koya. Na wayi gari ni kaɗai na san yadda ake rera ta, ga muryata ta soma rawa.

Shekara arba'in na yi ina gyaran rediyo da rikoda a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, saboda haka waya da dalma ba baƙina ba ne. Na kuma daɗe da jin cewa kwamfuta tana iya ɗaukar murya ta ajiye a layi guda, ta mayar wa mutum ita a kunne ya ɗora wata a kai. Na ce ashe zan iya zama mutum huɗu. Ɗakin ɗaukar waƙa na haya kuwa ban ko kawo shi a rai ba. Ba zan zauna a benci bayan masu waƙar rawa, riƙe da gafakar kakana, ina jiran a kira ni ba.

Abin hannuna kaɗan ne, sai na nufi masu sayar da kwamfutar gwanjo. Mai shagon ya dube ni, ya dubi rawanina.

"Baba, kai ma fim za ka shiga? Ko amarya za a yi wa waƙa?"

"Kunna su duka," na ce, "ka kuma yi mini shiru."

Na bi su ɗaya-ɗaya ina kara kunnena, na zaɓi wadda fankarta ba ta da ƙara, ko da yake ta fi sauran tsufa. A kwandon da yake zuba matattun kaya na tsinci ƙaramin akwatin sauti, wanda ke haɗa makirufo da kwamfuta. Kafar shigar waya biyu gare shi, ɗaya ta mutu, na tashe ta da dalma. Makirufo ina da shi tun zamanin da nake shagon gyara. A Ƙofar Ruwa aka yanko mini bututun ƙarfe aka liƙa shi a gindin tsohuwar fanka ya zama madogararsa. Na ɗaura safa a da'irar rariya na tsayar a gabansa, domin ta tare hucin baki. Batirin mota da inbata suka maye gurbin janareta, wanda ruguginsa ke shiga kowace ɗauka.

Ɗakin marigayiya mahaifiyata na buɗe, ginin ƙasa mai rufin azara, wanda kaurin bangonsa ya ishe shi tsare hayaniyar lungu. Na rataye dardumai huɗu da muke zama a kansu a zaure a jikin bangon, domin su shanye amsa-kuwwa. Da hantsi nake aiki, kafin injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na fara da muryata ta ja, na cika layin farko. A na biyu na ɗaga murya irin ta ƙanena, a na uku na sassauta irin ta ɗan baffana. Da na zo na huɗu, muryar ƙasa ta maɗinkin, sai na ga dama ta samu. Bawan Allahn nan yana da wata ɗabi'a da ta dame ni tsawon rayuwarmu: ba ya bari in kai ƙarshen baiti sai ya shigo. Kowace shekara nakan ce masa a gaban mutane, "Malam, ka bari in sauke baitin mana." Yakan ce, "Afuwan, Malam," baɗi kuma ya maimaita. Sai na rera nasa yadda na tabbata shi ne daidai, ina shiga bayan mai ja ya dire.

Na kunna duka huɗun. A ƙarshen kowane baiti akwai rami, a cikin ramin kuma wani tsoho yana haki yana jan numfashi. A fuskar kwamfutar ina ganinsa, giɓi kamar faɗin yatsa, ya ratsa layukan daga sama har ƙasa. Na zargi makirufo, na zargi dardumai. Na yanke giɓin na manne baitocin, sai waƙar ta koma gudu, irin wanda ɗan Adam ba ya yi. Kwanaki ina zaune a ɗakin nan, ba mai shigowa, ba wanda zan tambaya yadda muke yi a da.

Daga bisani na sauke girman kai na yi sallama a gidan maɗinkin. Mai ɗakinsa ta fito zaure, ta zauna kusa da keken ɗinkinsa da aka lulluɓe da zane.

"Hajiya, ko marigayi ya bar kaset na waƙar nan?"

"Kaset? Ai kai ka hana a ɗauka, Malam. Ka ce ba waƙar kasuwa ba ce."

Gaskiyarta ce, na faɗa. Na bayyana mata abin da ya kawo ni, har da ramin. Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Duk shekara in ya dawo sai in ce, yau ma an yi maka faɗan? Ya ce an yi. In ce to ka daina mana, mutum da furfurarsa. Ya ce ba zai iya ba. Wai numfashinka gajere ne tun kana saurayi, babanka ne ya kira shi gefe ya ce ya riƙa tare maka, kada mutane su ji."

"Bai taɓa gaya mini ba."

"Wa zai gaya maka, Malam?"

Ta ce a kan keken nan yake bita, har ta haddace. Ta umarce ni in ja baiti, na ja. Saura kalma guda in dire sai ta shigo, can ƙasa-ƙasa, ta riƙe sautin har na cika ƙirjina na kama na gaba. Jikina ya gane wurin kafin hankalina.

Na koma na goge layi na huɗu. Sake ɗaukarsa ya fi duk sauran aikin wuya, domin dole ne in saurari tsohon da ke ja, in gane inda ƙarfinsa zai ƙare, in tarye shi kafin ya kai. Ban taɓa sauraron kaina haka ba. Na gama kafin muryar ta gaza, na aika wa 'ya'yanmu kowa da nasa.

Da Maulidi ya zagayo, na share zaure bayan La'asar, na shimfiɗa dardumai huɗu. Muryoyi uku na tura su sifika guda na ajiye kusa da ni. Ta huɗu na ware mata tata, na ja waya na kai ta bakin ƙofa. Na zauna a mazaunina na kunna. Babu wanda ya zo. Duk sa'ad da baiti ya kusa ƙarewa, murya takan taso daga bakin ƙofa kafin lokacinta, ni kuwa ban ce mata komai ba.