Ruwan da Na Shanye wa Mahaifina a Kan Dutse

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, ina matashin magidanci, ina noman shinkafa da tumatir a bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, kuma ina da bakin iya tsara magana fiye da iya sauraro. Mahaifina tsohon maharbi ne. Tun muna yara yake ba mu labarin duwatsun kudancin jiharmu, inda ya harbi gwanki da ƙuruciyarsa, da wani idon ruwa a gindin kanya wanda ya ce ba ya ƙafewa. Da na ga ƙarfinsa ya fara ja baya, sai na ƙudura zan kai shi ya sake ganin wurin. Allah ya sani don in faranta masa na yi.

Mako biyu muka yi muna shiri a inuwar mangwaron ƙofar gida. Na nemo takardar izini daga ma'aikatan daji, na sayi albarushi, da igiya, da gishirin banda, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wato duk abincin da ke kiran ruwa. Sau uku Baba yana tambayata yadda na shirya maganar ruwa, ni kuwa ina tuna masa idon ruwan nasa. Ya ce wannan tun ba a haife ni ba ne, kuma daji yana sauyawa. Na yi dariya na ɗauki galan ɗaya kawai. Mu 'yan bakin kanal haka muke, ko a tsakiyar bazara ruwa yana wucewa ta gefen gonarmu, har mun manta cewa abu ne da ake rasawa. Shi kuwa ya cika tsohon goransa a rijiyar gida, ya toshe bakin, ya liƙe da kakin zuma yadda maharba suke yi a zamanin da. Har tsokanarsa na yi cewa ya ɗauko kayan tarihi.

Mota ta sauke mu a ƙauyen ƙarshe, muka taka da ƙafa, muka yini muna hawa. Baba yana tafe yana nuna mini sawun dabbobi, fuskarsa cike da murnar da na daɗe ban gani ba. Kafin la'asar galan ya ƙare, yawanci a cikina. Da muka isa wurin, an sare kanyar an yi gawayi, idon ruwan kuma ya zama yashi da busasshen sawun shanu. Muka tona har iya gwiwar hannu, ko danshi babu. Washegari muka juya, kuma ni mai ƙarfin ne na fara zubewa, idona yana ganin duhu da rana tsaka. Baba ya jawo ni inuwar dutse, ya miƙo goran, ya ce in sha, shi ya riga ya sha nasa lokacin da nake tono.

A nan ne abin da ya sa na rubuto yake. Da na karɓi goran, kakin yana nan yadda ya liƙe shi a gida, ko tsaga babu. Da babban yatsana na ɓalle shi. Na san bai sha ba, na kuma kafa kai ban sauke ba sai da ya rage abin da bai kai cikin tafin hannu ba. Yana kallona yana shafa mini kai kamar ina ɗan shekara biyar. Sai gab da magariba muka kai wata ruga, a lokacin harshensa ya kumbura, ba ya iya magana. A asibiti aka ce ƙodarsa ta taɓu. Ya yi damina ɗaya a kwance, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa ɗansa ya kai shi ya ga duwatsunsa, Allah ya yi wa ɗan albarka. Bai taɓa ambaton goran ba, ni ma kunya ta hana ni, har ya rasu.

Abin da na koya shi ne, idan babba ya maimaita tambaya, ba mantuwa ba ce, wani abu ya hango. Masu shirin shiga daji, ku fara lissafa ruwa kafin albarushi, kada ku dogara da tsohon labari ko da daga bakin wanda kuka fi yarda da shi ya fito. Wanda kuma ke da wata magana tsakaninsa da iyayensa, ya faɗa tun suna ji. Goran yana rataye a ɗakina. Kullum in na buɗe wa shinkafata ruwa, na ga yana malala har yana ɓarna, sai in ce Baba ka yafe mini, na ga kakin.