Yadda Na Zama Baƙuwa a Gidana na Illo

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa a Bagudo, na ɗauki kuɗin sallamata na gina gida a Illo, a kan filin da mahaifina ya bar mini. Ɗakuna shida ne da zaure, rijiya a tsakar gida, banɗaki biyu, sai shago ɗaya mai kallon hanyar da ke fita zuwa iyaka. Kowane bulo na san lokacin da aka ɗora shi, domin a kan kujerar roba nake wuni ina kallon magina har suka tsane ni. Niyyata in zuba 'yan haya, in zauna a Bagudo in ci tsufana cikin rufin asiri.

Ban taɓa ba da haya ba. Abin da na iya shi ne kiran rajista da gane yaron da ya yi ƙarya, kuma na ɗauka wadda ta shekara talatin tana wannan aiki babu babban da zai rufe ta. Na manta yara ba su da shadda, ba su da turare.

Ƙanin marigayi mijina, mutumin da bai taɓa gina ko akurkin kaza ba amma yana da shawara a kan kowane gini na duniya, shi ya kawo mini dillali. Wani siririn mutum ne mai hular da ta fi ƙarfin kansa, kullum da asuwaki a baki. Na gaya masa ina son malaman makaranta ko ma'aikatan asibiti, ɗaki ɗaya mutum ɗaya. Ya zare asuwakin ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Hajiya, mi za ki yi da tarkace? Mutum shida, rigima shida. Ina da mutum guda da za shi kama gidan ga dukai, ki huta."

Bayan kwana biyu suka zo da mutumin a wata mota da daga baya na ji ta aro ce. Ƙaƙƙarfa ne, fari, da carbi mai sheƙi wanda ban ga ya ja ko sau ɗaya ba. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce fataucin shinkafa da albasa yake yi tsakanin nan da ƙasar Benin, iyalinsa da ƙannensa suna garin Dole Kaina a matse, yana neman inda zai tara su wuri guda. Ya ce shi ma mahaifiyarsa malama ce, don haka duk inda ya ga malama sai ya ji kamar ya ga uwarsa. A nan ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Tsohuwa da yabo kamar akuya ce da dusa.

Na riga na rubuta yarjejeniya a gida, da hannuna mai kyau, shafi biyu. Da na ciro ta daga jaka, sai ƙanin mijina ya riƙe baki.

"Haba yaya! Takarda tsakanin Musulmi? Mutum kamar wanga ki ce shi sa hannu kamar ɓarawo? Ai kin ci mutuncinai."

Shi kuwa mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce babu komai, in Hajiya ba ta yarda da shi ba zai sa. Kunya ta kama ni, na mayar da takardata jaka. Ya biya hayar shekara, na miƙa masa makullai gaba ɗaya, ban rage ko ɗaya ba.

Wata takwas ban taka Illo ba. Duk lokacin da na buga masa waya na ce zan leƙo, sai ya ce hanya ta lalace, kada in wahalar da ƙafafuna, kashegari kuma sai ga direba da ƙunshin busasshen kifi ko kwandon albasa, wai in ji ɗana. Na ci kifin nan, har na raba wa maƙwabta ina yabon ɗan hayata.

Suna ne ya kai ni. 'Yar ƙanwata ta haihu a Illo, da aka watse da hantsi na ce bari in taka in ga gidana. Ban gaya wa kowa ba. Hijabina na yau da kullum ne a jikina, da ledar goron suna a hannu.

Sau biyu na wuce ƙofar ban gane ta ba. Shuɗin fenti na bari, na tarar da kore. Shagon an jera kwalaben fetur a gabansa. Da na shiga zaure sai na ga an raba shi biyu da langa-langa, kowane ɓangare da labule da takalma a ƙofa. Tsakar gidan da na bari fili, inda na dasa mangwaro biyu, an cike ta da ɗakunan kwano, an sare itatuwan. Kowace ƙofa an rubuta mata lamba da gawayi. Na tsaya ina karantawa kamar mai duba jarrabawa, har goma sha huɗu.

Wata mata na wanki a bakin rijiya. Ta ɗago ta yi mini sannu da Hausar da yaren Dendi ya ɗan lanƙwasa.

"Inna, wa kike nema?"

Na ce, "Mai gidan."

"Alhaji ya fita, amma yanzu za shi dawo. In ɗaki kike so, wallahi babu, sai ko wanda za a ƙara bayan banɗaki."

Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa mini, ta ɗebo ruwa a rijiyar da na biya aka haƙa ta ba ni a kofi. Na zauna na sha. Ban san abin da ya hana ni magana nan take ba, ina jin dai so nake in ji ƙarshen abin.

Matar nan mai bandar kifi ce, daga tsallaken iyaka take, ita da mijinta da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya. Na tambaye ta ko Alhajin ya daɗe da gidan. Ta ce ai shi ya gina abinsa, ya sha ba su labarin yadda ya yi dakon siminti da kansa. Ta ce mutum ne mai zumunci, yana da wata tsohuwar gwaggo a Bagudo wadda kanta ya ɗan taɓu, shi ke ciyar da ita, har kifi yakan saya a wurinta ya aika mata.

Na ce, "Kifin naki kuwa yana da daɗi."

Ba ta gane ba, ta yi dariya ta ce na gode.

Ana cikin haka sai ga shi, turare a gaba yana biye. Da ya gan ni ya tsaya cak, sai dai ba a banza ya zama abin da ya zama ba, kafin ƙiftawar ido ya zube a gabana yana ɗaga murya don kowa ya ji.

"Gwaggo! Ke da wa kunka zo? Ya ba ki aiko in ɗauko ki ba?"

Na miƙe. Muryar da nake tsayar da yara ɗari biyar a filin taro ita na ciro.

"Ni ba gwaggonka ba ce. Ban haɗa komai da kai ba, Allah ya tsare ni. Ni na gina gidan nan, kai ɗan haya ne kamar kowa a nan, ka ma fi su ƙasƙanci, don su ba su yi wa kowa ƙarya ba."

Labulaye suka fara ɗagawa. Ya matso yana raɗa, wai in rufa masa asiri mu shiga daga ciki. Na ce wane ciki, lamba nawa? Mai bandar kifi ta saki rigar da take matsewa ta faɗa cikin bokiti.

Kashegari aka zauna a ƙofar mai unguwa, a nan na ga ragowar jaruman. Dillali ya rantse bai san mutumin ba sosai, a tasha suka gamu. Ƙanin mijina ya ce shi dama tun farko ransa bai kwanta ba, amma mata akwai gaggawa. Dattawa uku suka yi ta juya kalmar haƙuri kamar masu tuƙa tuwo. Shi kuwa gogan ya zauna ya harɗe, ya bar durƙuso, ya bar Hajiya, ya ce tambaya ɗaya gare shi: ina takardar da ta hana shi sa wasu a gidan?

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Malama, kin faɗa mai da bakinki kada shi ba kowa?"

Na ce yana cikin takardar.

"Ina takardar?"

Tana cikin jakata, a ninke, ba sa hannun kowa. Aka yanke cewa ya cika shekararsa, saura wata huɗu, sannan ya rushe abin da ya gina ya ba ni makullaina. Kowa ya shafa fatiha, ni ma na shafa, ina kallon tafin hannuna don kada in kalli fuskokinsu.

Bai cika ba. Mako uku bayan haka, ranar Juma'a, maza suna masallaci mata suna kasuwa, ya kawo amalanke ya kwashe kayansa ya tsallaka iyaka. Bai tsaya a nasa ba. Ya cire ƙofofin banɗaki duka biyu, ya kwance ƙwayayen fitila, ya tafi har da guga da igiyar rijiya. Babban ɗan kasuwar shinkafa da albasa ke nan. Ƙofofin ba su dame ni ba kamar gugar, har yau in na tuna sai ƙyama ta kama ni.

Ya bar ni da gida goma sha huɗu na mutanen da ba su yi mini laifin komai ba. Na ɗauko katifata daga Bagudo na tare a ɗakin da ya bari, na yi wata biyu. A nan na koyi aikin da ya kamata in koya tun farko. Na zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya, na tambayi inda ya zauna kafin nan, kuma ban tsaya ga bakinsa ba, na taka da ƙafata na je na tambayi tsohon mai gidansa da matar da suke katanga ɗaya. Maƙwabciya ba ta ɓoye komai in ka zauna ka ci goronta. Na lura da wanda ke share ƙofarsa ba a ce masa ba, da wanda ke watsa ruwan wanke-wanke a ƙofar wani ya yi kamar bai gani ba. Masu ɗakunan kwano na ba su lokaci har suka sami wuri, sannan na rushe. Mai fetur shi na fara sallama, ba zan kwana a kan wuta ba. Mutum shida suka rage, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu, kuma layin farko na takardar shi ne ba a ba wani ɗakin ko da ɗan'uwa ne sai da sanina. Mai bandar kifi na cikinsu. Ta yi mako guda ba ta iya haɗa ido da ni, yanzu ita ke kira na in kwano ya fara yoyo. Kyauta kuwa ba na karɓa daga ɗan haya, ko barkono ne sai na biya. Kuma ina zuwa duk ranar da na ga dama, ba na sanar da kowa.

Bara wani tsohon abokin aikina daga Lafagu ya zo har gida. Shi ma ya ajiye aiki, ya gina gidan haya, wai ya ji na ƙware. Na dama masa fura, na zauna na zayyana masa duk wannan, ban rage ko abin kunyata ba. Ya saurara yana gyaɗa kai yana sha. Da ya ga ƙasan kwanon sai ya goge baki ya yi murmushi.

"Malama, ai ke don kina mace ne ya samu ƙofa. Ni ido kawai nika duban mutum in san ko shi wane ne."

Na ce to, Allah ya ƙara wa idon haske, na raka shi ƙofa.

Wata shida bayan nan labari ya iso ni, a bakin matarsa kuwa. Ya ba wani mai kyan fuska gidan, ba takarda, ba tambaya. Mutumin dillalin dabbobi ne, ya mayar da falon turken awaki, ɗakin kwana kuma ya cika shi da harawa, tayil ɗin da aka sayo daga Birnin Kebbi duk ya farfashe. Har yanzu suna gaban mai unguwa ana ba abokin nawa haƙuri. Ranar kasuwar Bagudo in ya hango ni daga nesa sai ya faɗa layin masu tukwane ya tsaya yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya har in wuce.