Dattijuwar da ta tuɓe silifas

Lahadi ce da la'asar, ina zaune gefen gadon ƙanwata Purity a wani asibiti a Kazaure, kwananta uku ba ta ci komai ba. Wata dattijuwa tana bin gadajen Kiristoci tana yi musu addu'a, sanye da ankon zumuntar matan coci wanda wanki ya koɗar. Gajera ce, tana ɗan ɗingishi, hannayenta duk tabon ƙunar mai. Ina jin da tuyar ƙosai ta raini 'ya'yanta.

Ina kallonta, ban sa ran za ta tsaya wurinmu ba. Mu 'yan cocin fararen riguna ne, masu sujada ba takalmi, kuma na saba da yadda 'yan wasu majami'u ke ɗauke kai da sun hango rigar, sai ka ce mun yi musu sata. Ga farar rigar Purity a ninke kan matashi, ba ta ɓoyuwa.

Ta iso, ta dubi rigar, ta dube ni.

"'Yata, ku ne na cocin da ba a sa takalmi?"

"Mu ne, Mama."

Ta dafa ƙarfen gadon, ta tuɓe silifas ɗinta, ta ture su gefe. Simintin nan ni kaina ƙyamarsa nake.

"Mu Kiristoci duka nawa ne a garin nan da za mu tsaya nuna bambanci? Miƙo hannunki."

Na yi sauri na tuɓe nawa takalmin. Ban san sunanta ba. Ƙafarta kawai nake kallo, duk faso, a ƙasa kusa da tawa.